Birkin Baya, Aikin da Mai Mota Ba Ya Gani

Ƙannena masu koyon aikin kanikanci, da ku da kuka sami tsohuwar mota kuka fara ɗan taɓa ta da hannunku, ku ba ni aron kunnuwanku. Maganar da zan yi muku a kan abin da ba ya burge kowa ne a gareji. Yaro in ya zo koyon aiki, burinsa a ce yau shi ya sauke inji, ko shi ya gano abin da ya hana mota tashi bayan oga ya yi ya gaji. Birkin baya kuwa aikin tsugunno ne da ƙura, ga sifirin mai tsalle ya fasa wa mutum yatsa, ga kuɗin aikin bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa a yawancin garejin da na sani, ƙaramin yaro ake tura wa shi. Ni ma haka aka yi mini, kuma a nan na fara yin abin kunya.

Ina shekara ta biyu a wurin maigidana a Kaduna, wani direba ya kawo Peugeot 504 doguwar nan mai layin kujeru uku, wadda yake jigilar fasinja da ita zuwa Jos. Lokacin kusan duk tashar da ka shiga ita ce sarauniya, domin tun 1975 ake harhaɗa ta a nan Kaduna, kuma an kwashe kusan shekara talatin ana yi. Kukansa ɗaya ne: birkin hannu ba ya riƙewa, sai ya ja shi har ƙarshe sannan motar ta ɗan tsaya. Maigida yana kan wani aiki, ya ce in duba. Na shiga ƙarƙashi, na ga notin da ke jan kebur, na yi ta ɗaurewa har sandar ta koma kamawa a ƙara biyu. Ko taya ban cire ba. Direba ya ja, ya ji tauri, ya yi murmushi, ya ce yaron nan akwai hannu. Na riƙa jin kaina a sama.

Ba a yi awa ɗaya ba sai ga shi ya dawo, motar tana warin ƙuna. Maigida bai ce mini uffan ba. Ya kama hannuna ya kai ni gindin tayar baya, ya ce: "Tofa yawu a nan." Na tofa a jikin diram, yawun ya yi cuuu ya ɓace. Ya ce: "To, ka ga aikinka." Sannan ya sa na kwance keburin da na ɗaure, na cire taya, na buɗe diram ɗin. Ashe lainin ya ci, tazarar da ke tsakaninsa da diram ta yi yawa, abin da ke gyara tazarar kuma tsatsa ta kama shi. Ni ban taɓa ciwon ba, sai na ja kebur har shu ya tashi daga mazauninsa yana gugar diram dare da rana. Ranar na koyi ƙa'idar da nake so ku fara riƙewa: ana saita shu tukuna, birkin hannu daga baya. Duk wanda ya juya wannan tsari zai ƙona lainin mutane, ya sha musu mai, kuma birkin ƙafa yana nan yadda yake.

Kafin ku iya gyara abu sai kun san yadda yake aiki, kuma wannan birki ba shi da wuyar fahimta. Diram kwano ne na ƙarfen zubi, yana juyawa tare da taya. A cikinsa akwai faranti wanda ba ya motsi, a kan farantin kuma shu biyu masu lanƙwasa kamar jinjirin wata, kowanne da lainin a bayansa. Daga sama akwai ƙaramar silinda mai fistin biyu. In direba ya taka birki, mai ya taso daga masta ya bi bututu ya shiga silindar, fistin su buɗe, su tura shu su manne a cikin kwanon. In ya ɗaga ƙafa, sifirin su jawo su baya. Tun 1902 Bafaranshen nan Louis Renault ya fito da irin wannan birki, kuma har yau ana sa shi a bayan ƙananan motoci da akori-kura, saboda ba shi da tsada, birkin hannu yana da sauƙin haɗawa a cikinsa, kuma a rufe yake, laka ba ta cika shiga ba.

Akwai wata dabara a cikinsa da ya kamata ku lura da ita. Shu ɗin da juyawar diram ke jawowa ciki, wato na gaba idan mota tana tafiya gaba, shi yake ƙara danna kansa da kansa, don haka ya fi ɗan'uwansa aiki kuma ya fi shi saurin cinyewa. Saboda haka a wasu motoci shu biyun ba iri ɗaya ba ne. Wani lainin ya fi wani tsawo ko kauri, kuma kowanne da gurbinsa. A irin tsarin da shu biyun ke haɗe ta ƙasa da abin saiti, ɗaya yana tura ɗaya, mai gajeren lainin shi ne yake fuskantar gaban mota. In ka musanya su, motar za ta tsaya, amma ko dai ta riƙa fizga ko ta yi sanyin kamu, kai kuma ka rasa dalili.

Maganin wannan ruɗani mai sauƙi ne, kuma ku yaran yanzu kun fi mu gata. Kada ka wargaza ƙafa biyu a lokaci guda. Buɗe diram biyun ka duba, amma ka kwance ɓangare ɗaya kawai, ka bar ɗayan ya zama maka allon karatu. Kafin ka taɓa sifirin ko ɗaya, ciro wayarka ka ɗauki hoto. Mu a zamaninmu da tsinke muke zanawa a ƙasa, iska ta zo ta share. Ka kuma tuna cewa hagu da dama kamar tafin hannu biyu suke, suna kama amma a juye. Abin saiti mai haƙora na hagu zarensa daban da na dama a motoci da yawa, in ka sa na wannan a wancan, maimakon ya riƙa matso da shu sai ya riƙa janye shi.

Yanzu bari in koma baya kaɗan, domin aikin yana farawa ne tun kafin a ɗaga mota. Zauna a kujerar direba ka taka birki, ka saurari abin da ƙafarka za ta gaya maka. In feda ta yi ƙasa sosai amma da ta kama sai ka ji tauri, kuma in ka sake takawa da sauri ta taso sama, to yawanci tazara ce ta yi yawa a baya. Ga gwajin da zai tabbatar maka: ja birkin hannu ƙara biyu ko uku, ka sake takawa. In fedar ta taso, ka kama ɓarawonka, shu ne ke neman saiti. In kuwa ka ji ta da laushi kamar ka taka soso, iska ce a cikin bututu. In ka danne ta ka riƙe, ka ji tana sulalewa ƙasa a hankali, to mai yana zurarewa a wani wuri, ko robobin masta sun gaji. Ciwo uku ke nan masu kama da juna a bakin mai mota, domin duk abin da zai ce maka shi ne "birki ya yi ƙasa." Bakanike ne zai rarrabe.

Wajen ɗaga mota ba zan gaji da faɗa ba. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. A sa wa tayoyin gaba waigi gaba da baya, a sa mota a giya, a kafa mata ƙafar ƙarfe ko gungume mai ƙwari a ƙasa mai tauri. Bulon siminti ba ya gargaɗi, yana nan lafiya lau sai kawai ya ruguje. Tayar da ka cire ka tura ta ƙarƙashin motar, ko da wani abu ya faru ta tare maka. Sannan ka saki birkin hannu, in ba haka ba za ka yini kana dukan diram ba zai fito ba, ka zata tsatsa ce.

Fitar da diram a tsohuwar mota shi ne inda haƙurin yaro yake ƙarewa, guduma ta fara magana. Abin da ke riƙe shi yawanci ɗan tudu ne da ya taso a bakin kwanon, inda lainin bai taɓa gugawa ba. Shu ya ci ciki ya yi rami, bakin ya zama kamar leɓe, ya maƙale a bayan shu. Ƙarfi ba ya raba wannan, sai dai ya lanƙwasa ƙusoshin da ke riƙe shu. A mayar da saiti baya tukuna. A motocin Toyota da yawa akwai ƙofa a bayan faranti da aka toshe da roba. Ka cire robar, ka tura ɗan siririn sukundireba ka ɗage harshen da ke riƙe haƙoran, ka juya su baya da wani. Kuma a fuskar diram ɗinsu sau da yawa za ka ga ƙananan ramuka biyu masu zare. Ba ado ba ne. Ka sa ƙusoshi biyu na milimita 8, ka riƙa ɗaure su bi da bi, diram zai taso da kansa. A Golf 2 da Golf 3, waɗanda suka cika tashoshinmu, abin saitin wani ɗan ƙarfe ne mai kama da bakin gatari. Ta ramin ƙusar taya ake leƙa shi, a tura shi sama da sukundireba, shu su koma ciki. A waɗannan Golf ɗin boris yana cikin diram ne, don haka sai an cire murfi da fil da noti, kuma wajen mayarwa ba a ɗaure notin tamau. Ana barin sa daidai yadda wasa ɗin bayansa zai iya ɗan motsawa in an tura shi da bakin sukundireba, sannan a sa sabon fil. Na ga boris da yawa da suka mutu a hannun yara masu ƙarfin dantse.

Da diram ya fito, ƙura za ta bayyana, baƙa ƙirin. A nan nake roƙonku da girman Allah kada ku hure ta da baki, kada ku kunna mata injin iska. Lainin na da, da wasu masu araha da har yanzu ake shigowa da su, ana haɗa su da wani ma'adini da ake kira asbesto. Zarensa ya fi gashi siranta nesa ba kusa ba, in ya shiga huhu ba ya fita, kuma cutar da yake haddasawa, har da kansar huhu, takan ɗauki shekara ashirin ko fiye kafin ta nuna kanta. Tarayyar Turai ta hana amfani da shi gaba ɗaya tun 2005. Kai da ido ba za ka iya bambance mai shi da marar shi ba, saboda haka ka ɗauka duk ƙurar birki tana da shi. Jiƙa wurin da ruwan sabulu ko maganin wanke birki na gwangwani, ka goge da tsumma mai danshi, ka zubar da tsumman. Ka rufe hancinka, ka wanke hannu kafin ka ci abinci. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai ba ya tunanin huhunsa na shekara arba'in, shi ya sa nake yi masa tunanin.

Sai dubawa. Lainin da ya rage bai fi milimita ɗaya da rabi ba ya gama aiki, haka wanda kan ƙusoshinsa suka kusa fitowa, ko wanda ya fara ɗagowa daga jikin ƙarfe, ko ya tsattsage. Kuma ba a canja na ƙafa ɗaya a bar ɗaya. Duk huɗun ake canjawa, in ba haka ba gefe ɗaya zai fi kamu, mota ta riƙa karkata. Ɗaga robar da ke bakin silinda ta kowane gefe ka leƙa. In ka ga danshi, silindar tana yoyo. In ka matsa fistin bai motsa ba, ya maƙale. Duba sifirin, wanda zafi ya canja wa launi ko ya miƙe ya rasa ƙarfinsa, a sake shi. A jikin diram kuma masana'anta sun rubuta iyakar faɗin da cikinsa zai iya kaiwa. In an kai shi wurin masu injin sassaƙar ƙarfe an share, a auna. Wanda ya wuce iyaka ya yi siriri, zafi kaɗan zai buɗa shi, kuma babu saitin da zai cike wannan rata.

In ka tarar lainin ya jiƙe da mai, tsaya ka san wane mai ne. Shinshina. Man birki ba shi da kauri. Man giya kuwa yana da kauri da wani wari mai hawa kai, kuma a motocin da ƙafar baya ke ja, irin su 504 doguwa da Hiace da Hilux, daga cikin aksul yake biyowa idan robar da ke tare shi ta mutu. Wani lokaci ma ba laifin robar ba ne. A saman aksul akwai ɗan hancin da yake shaƙar iska, in laka ta toshe shi, zafi ya taru a ciki, sai ya turo man ta gefe. Ka canja roba sau uku, in ba ka buɗe wannan hanci ba man zai dawo. Shi kuwa lainin da ya sha mai, na san abin da ake yi: a zuba masa fetur a cinna wuta, a goge da sanfefa, a ce ya koma sabo. Bai koma ba. Samansa ne ya bushe, man yana can ciki, ranar da birki ya yi zafi zai tsattsafo, kuma ranar ce aka fi bukatar birkin. Araha ba ta ado. A je Fanteka ko Ƙofar Ruwa a sayo wani.

Yanzu na iso kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a wasu garejin da bakin tasha. Silindar baya ta fara yoyo, direba yana sauri, fasinja sun cika, ko kuma ba ya son kashe kuɗi. Sai bakanike ya kwance bututun da ke kai mai baya, ya cusa masa kan ƙusa ko ƙwallon boris, ko ya naɗe bakin ya daddake da guduma. Yoyo ya tsaya. Feda ta taso ta yi tauri fiye da da. Direba ya taka ya ce madalla. Aka rufe, aka sallami kowa, kuma babu fasinja ɗaya cikin motar da ya san cewa ƙafa uku ko biyu ne kawai ke da birki a ƙarƙashinsa.

Masu yin haka suna da hujja, kuma hujjar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take da haɗari. Sukan ce ai birkin gaba ne ke tsayar da mota. Haka ne, in aka taka birki nauyi yana zubowa gaba, kuma a ƙaramar mota marar kaya ƙafafun gaba ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka na aikin. Amma ku dubi yadda muke loda mota a ƙasar nan. Mutum huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure buhunan masara da igiya, wani lokaci har da akuya a sama. Duk wannan nauyi a kan ƙafar baya yake zaune. Waɗanda suka ƙera motar sun san da haka, shi ya sa a motoci da yawa, har da Golf da akori-kura, suka sa wani bawul kusa da aksul na baya, mai sanda da sifirin, wanda yake jin yadda mota ta zauna. In kaya ya yi nauyi ya ƙara wa baya ƙarfin mai, in babu kaya ya rage. Wato daidai lokacin da motar haya ta fi cika, lokacin ne aka tsara birkin baya ya fi yin aiki. Kai kuma ka toshe shi.

Sai ka ɗora wannan mota a kan gangara irin ta Hawan Kibo, a hanyar Jos zuwa Akwanga. Birkin gaba shi kaɗai yake shan zafin da aka raba wa ƙafa huɗu. Man birki na DOT 3 in sabo ne ba ya tafasa sai ya haura digiri 205, na DOT 4 kuma 230. Amma wannan mai yana shan danshin iska, kuma in ya tsufa ya sha ruwa, ma'aunin da aka yarda da shi yana saukowa zuwa 140 ga na farko, 155 ga na biyu. Da ya tafasa sai ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi, feda ta tafi har ƙasa ba ta kama komai ba. Washegari a ce birki ne ya tsinke, a ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, babu mai musu. Amma ƙusar da ke cikin bututun nan hannun wani ne ya sa ta, kuma ya san ya sa.

In direba ya matsa maka ka toshe, ka ce masa: "Yallaɓai, wannan ba zan iya ba. Ga kuɗin silinda, ga na aiki, minti talatin ne." In ya ƙi, ya tafi wani wuri. Za ka rasa ɗan abin da zai ba ka, wataƙila ma ya zage ka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In kuma ogan naka ne ya ba ka umarni, ban ce ka yi masa rashin kunya ba. Ka ja shi gefe cikin ladabi ka ce: "Oga, ina jin tsoron wannan, a taimaka a gaya wa mai motar." Yawancin manya in aka tuna musu a asirce suna jin nauyi.

Tun da an ambaci mai, kada a zuba wa birki man inji, ko man sitiyari, ko na giya, ko da ɗigo. Robobin birki ba sa shiri da su, kumbura suke yi su lalace, daga masta har silinda. Kada a wanke robobin da fetur ko kananzir saboda wannan dalili. Ruwan omo da wasu ke ɗurawa a hanya don a lallaɓa a isa gari, tsatsa yake shukawa a cikin bututu, ga saurin tafasa. Kuma gwangwanin man da aka buɗe aka ajiye wata da watanni a kan kanta ya riga ya sha iska.

Wajen mayar da kaya, goge wuraren da shu ke zamewa a jikin faranti, yawanci uku ne a ƙarƙashin kowane shu, ka shafa musu giris mai jure zafi ɗan kaɗan, kamar yadda ake shafa kwalli. Wanke zaren abin saiti har ya riƙa juyawa da yatsa. Hannunka mai maiƙo kada ya taɓa fuskar lainin. Kankare leɓen nan na bakin diram don wanda zai buɗe bayanka ya huta.

Saitin kansa a kunne yake da tafin hannu. A motar da ake saitawa da hannu, ka mayar da diram, ka riƙa matso da shu kana juya taya, har ta kama ta ƙi juyawa. Taka feda sau biyu ko uku don shu su zauna a tsakiya, sannan ka riƙa sassautawa kaɗan kaɗan har tayar ta juya sakayau, ana jin ɗan shafa siriri kawai. Tsohuwar Volkswagen Beetle kowane shu da tauraron saitinsa, wato biyu a kowace ƙafa, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar Land Rover kuma kan noti ne a bayan faranti, yana juya wani ƙarfe mai doro. Masu saita kansu su ma suna bukatar a kawo su kusa da hannu, daga nan su ƙarasa. Wasu da takun feda suke matsowa, kamar Golf, wasu da jan birkin hannu, wasu kuma sai an yi baya da mota an taka birki. Ka san irin wanda ke gabanka. Kada ka ce bari in matse sosai don mai mota ya ji daɗin feda. Diram da shu suna ɗumama a tafiya, abin da ya yi daidai da safe a gareji zai iya kamewa a hanya, kuma ƙafar baya in ta riga ta gaba kullewa, gindin mota ne yake juyowa gaba.

Bayan an gama wannan ne ake komawa kan kebur, a ɗaure shi har birkin hannu ya kama a 'yan ƙararrakin da aka tsara wa motar, a sake shi, a tabbatar tayoyin biyu suna juyawa ba tare da riƙewa ba. In an buɗe bututu ko an canja silinda, sai a cire iska. Wannan aikin mutum biyu ne, kuma kun san kiran: taka, taka, riƙe. Na ƙasa ya buɗe, ya rufe, sannan ya ce saki. In na sama ya saki kafin a rufe, iskar da aka kora ta koma. Galibi ana farawa da ƙafar da ta fi nisa da masta, kuma ido yana kan tukunyar mai kada ta ƙafe a tsakiyar aiki. Ƙusoshin taya a ɗaure su a gicciye, ba a jere ba, domin ɗaurin gefe ɗaya yana iya karkatar da diram.

Kada ka miƙa makulli sai ka gwada. Taka feda tun motar tana tsaye. Fita da ita hanyar da ba mutane, ka tsaya a hankali sau da yawa don sabon lainin ya saba da kwanonsa. In ka sami hanyar burji, taka da ɗan ƙarfi ka sauko ka dubi sawun tayoyin, za su nuna maka wadda ta kama da wadda ta yi lalaci. Ka dawo ka kai bayan hannunka kusa da kowane diram, ba tare da ka taɓa ba. Ɗumi daidai a gefe biyu shi ake so. In ɗaya ya fi zafi, yana riƙewa: ko saiti ya yi yawa, ko kebur ya maƙale a cikin rigarsa, ko kuma tiyon roba ya ruɓe ta ciki, yana barin mai ya tafi ba ya barin sa ya dawo. In ɗaya sanyi ƙalau, ba ya aiki sam. Ka kuma gaya wa mai motar, musamman da damina, cewa in ya ratsa ruwa mai zurfi ya ɗan taka birki a hankali yana tafiya har lainin ya bushe, kuma a gangara ya sauko da giya, kada ya kwanta a kan feda.

Mai mota in ka yi masa fenti zai gani, in ka gyara masa inji zai ji a kunnensa. Wannan aiki kuwa da ka mayar da diram ka ɗaura taya, daga kai sai Allah kuka san abin da ke ciki. Tsofaffin shu da ka cire, ka ajiye ka nuna masa, ka faɗa masa abin da ka canja da abin da ya rage.

Kuma duk tsohuwar motar da aka kawo muku, ko da kukan mai ita a kan wani abu ne daban, in dai kun shiga ƙarƙashinta ku bi bututun birki da ido har zuwa ƙafar baya. In kun tarar an toshe shi, ku kira mai motar ya durƙusa ya gani da idonsa, kuma kada ku ba shi makulli sai ƙafafunta huɗu suna kamawa.